Gaba da Baya Duk Nasa Ne: Yadda Kamfanin Manhaja Ke Neman Maginin Shafin Intanet

Uba yana zaune a shagonsa a Gusau, ɗansa yana makarantar kwana a Zariya, ga shi wa'adin biyan kuɗin zango ya ƙarato. A shekarun baya sai ya ja ƙofar shago ya tafi banki ya bi layi, ya karɓo rasit, sannan ya nemi direban da zai kai wa makaranta. Yanzu waya kawai zai ciro. Ya buɗe shafin makarantar, ya rubuta lambar ɗalibi, sunan yaron ya fito tare da abin da ake bin sa, ya latsa wurin biya. Kafin ya mayar da wayar aljihu rasit ya iso, akawun makaranta kuma yana ganin kuɗin a kwamfutarsa.

Makarantar ba ita ta gina wannan shafi ba. Kwangila ta ba wani kamfanin manhaja, kamfanin kuma sau da yawa mutum ɗaya ko biyu yake ɗora wa aikin tun daga farko har ƙarshe. Irin wannan mutum, wanda 'yan harkar ke kira fulstak, yana cikin ma'aikatan da aka fi cigiya a Legas, Abuja, Kaduna da Kano. Masu neman aikin suna da yawa. Gane wanda ya dace a cikinsu ne ke da wuya, in kuma an gane shi, riƙe shi wani sabon aiki ne.

Kamfanonin manhaja iri biyu ne. Akwai mai haja guda da yake renonta shekara da shekaru, kamar Facebook, ko Paystack da Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a Legas a 2015. Akwai kuma kamfanin kwangila, wanda ba shi da abin sayarwa sai gwanintar ma'aikatansa. Wannan watan asibiti ne ke son wurin ajiye bayanan marasa lafiya, wata mai zuwa kamfanin sufuri ne ke son a riƙa sayen tikiti ta waya, bayan nan wata ƙungiyar agaji tana son bin sawun allurar rigakafi ƙauye-ƙauye. Kowane aiki da wa'adinsa, da kasafinsa, da mai shi da irin halinsa. Babban kamfani yana iya ware ƙwararre ga kowane lungu. Kamfanin kwangila mai ma'aikata goma sha biyu ba zai iya ba, domin abin da makaranta za ta biya ba zai ɗauki albashin mutum biyar ba. Dole ya nemi wanda zai zagaye aikin shi kaɗai.

Duk wanda ya taɓa shiga babban shago a Kantin Kwari ya san tsarin. Akwai gaban shago inda aka jera atamfa da shadda, inda mai saye ke tsayawa ya zaɓa. Akwai sito a baya inda dilolin kaya suke, da yaran da ke kai da kawo tsakanin wuraren biyu, sannan ga littafin da ake rubuta abin da ya shigo, abin da ya fita da wanda ake bi bashi. Shafin intanet ma haka yake. Gabansa shi ne abin da ke bayyana a fuskar waya: rubutu, launi, maɓalli, gurbin cike suna. Bayansa wata kwamfuta ce da ake kira saba, wadda za ta iya kasancewa a Legas ko a Jamus, ita ke karɓar saƙo ta tantance wanda ya aiko shi, abin da aka yarda ya gani da nawa zai biya. Littafin kuwa shi ne rumbun bayanai.

Kowane ɓangare da kayan aikinsa. Ana tsara gaba da HTML da CSS, a sa masa motsi da JavaScript, harshen da Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995. Ana rubuta baya da harsuna irin su PHP, Python ko Java, rumbun bayanai kuma galibi PostgreSQL ne ko MySQL. Sai ɗora aikin a kan saba, abin da ya zo da sauƙi tun da Amazon ya fara ba da hayar kwamfutocinsa ta intanet a 2006. A 2009 Ryan Dahl ya fito da Node.js, wanda ya ba JavaScript damar aiki a kan saba, ya zamana da harshe ɗaya mutum zai iya rubuta gaba da baya. Da Facebook ya saki React, kayan aikin gina gaban shafi, ga kowa da kowa a 2013, sai masu koyo suka samu hanya miƙaƙƙiya, kamfanoni kuma suka fara sa ran mutum ɗaya ya yi abin da a da sai an tara mutum uku.

Kada a ɗauka akwai mahalukin da ya ƙware a duk waɗannan. Babu shi. Fulstak na gaske yawanci ya yi zurfi a ɓangare ɗaya, sauran kuma ya san su gwargwadon da zai yi aiki da su ba tare da ya tafka ɓarna ba. Darajarsa tana wurin mahaɗa, inda gaba ke miƙa wa baya saƙo, domin a nan mafi yawan matsaloli ke laɓewa.

A ce uban nan na Gusau ya latsa wurin biya, banki ya cire kuɗin, amma kafin amsa ta dawo wayarsa sabis ya ɗauke. Abin da yake gani ɗan zobe ne yana ta juyawa. Ya jira, ya gaji, ya sake latsawa. In wanda ya gina shafin gaba kaɗai ya sani, zai kashe maɓallin bayan latsawar farko ya ce ya gama. Uban kuwa zai rufe shafin ya sake buɗewa, maɓallin ya dawo da rai, a cire kuɗi sau biyu. In baya kaɗai ya sani, lissafi zai fita daidai amma ba a gaya wa bawan Allah komai ba, sai ya kwana da zullumi, washegari ya kira makaranta yana faɗa. Wanda ya san duka biyun zai ba kowane biya lamba ta musamman tun kafin a tura shi banki, ta yadda ko sau goma saƙon ya iso, sau ɗaya saba za ta ƙirga shi. Zai sa sabar ta saurari tabbacin da kamfanin biyan kuɗi ke aikowa kai tsaye, ba ta dogara da wayar uban ba. A fuskar wayar kuma zai rubuta masa cewa ana kan tabbatar da biyansa, kada ya sake biya, rasit na nan tafe. Layuka kaɗan ne na kod, amma su ke raba makarantar da ke zaune lafiya da iyaye da wadda akawunta ke yini yana ba da haƙuri.

Matsalar mahaɗa ba ta ƙananan kamfanoni kaɗai ba ce. Ranar 1 ga Oktoba, 2013, gwamnatin Amurka ta buɗe HealthCare.gov, shafin da jama'a za su yi rajistar inshorar lafiya a ƙarƙashin dokar da Shugaba Obama ya sa wa hannu. Kamfanonin kwangila da dama suka gina shi, kowa da ɓangarensa, kuma ba a gwada haɗuwar ɓangarorin ba sai dab da ranar buɗewa. Mutum shida kacal suka kammala rajista a ranar farko. Kuɗi ba su yi ƙaranci ba, ƙwararru ma haka. Abin da aka rasa shi ne wanda ke kallon aikin daga wannan baki zuwa wancan.

Kamfanoni da yawa tun a sanarwar neman ma'aikaci suke yin tuntuɓe. Sai a jero sunayen kayan aiki ashirin, a ce dole mai nema ya shekara biyar da kowanne, alhali rabinsu kamfanin bai taɓa amfani da su ba, daga sanarwar wani aka kwafo. A 2020 Sebastián Ramírez, ɗan ƙasar Kolombiya, ya ba da labarin wata sanarwa da ke neman wanda ya shekara huɗu yana aiki da wani kayan aiki mai suna FastAPI. Shi kansa bai cika sharaɗin ba, domin a lokacin shekara ɗaya da rabi ke nan da ya ƙirƙiri FastAPI ɗin. Illar irin wannan sanarwa a fili take. Mai gaskiya zai karanta, ya ga bai kai ba, ya haƙura. Mai ƙarfin halin ƙarya kuwa zai kwafi jerin ya liƙa a takardarsa, kuma shi za a kira.

Sanarwa mai kyau aikin take faɗa: irin masu ba da kwangilar da za a yi wa aiki, kayan aiki uku ko huɗu da ake amfani da su kullum, ko daga gida za a yi ko daga ofis, da kuma iyakar albashi. Ɓoye albashi ɓata lokacin kowa ne.

Batun takardar makaranta ma yana son sassauci. Digirin kimiyyar kwamfuta daga Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello yana ba mutum tushe, kuma tushe yana da rana idan aiki ya yi zurfi. Sai dai da yawa daga cikin masu wannan sana'a lissafi suka karanta, ko sinadarai, ko aikin gona, suka koyi kod da daddare ta YouTube da freeCodeCamp. Kamfanin da ya ce ba zai dubi kowa ba sai mai digirin fannin, kansa ya cuta. Wasu kan ce to a dubi GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu tun 2008. Dubawar tana da amfani, amma wanda ya yi shekaru yana yi wa banki aiki ba shi da ikon baje wannan kod ɗin a bainar jama'a. Ganin shafinsa fayau ba hujja ba ce a kansa.

Tunda takarda ba ta wadatar ba, sai gwaji. A 2007 wani mai rubuta manhaja, Imran Ghory, ya kawo shawarar ɗan gwaji mai sauƙi: a rubuta kod da zai lissafo 1 zuwa 100, duk lambar da 3 ke raba ta a rubuta Fizz a madadinta, wadda 5 ke rabawa a rubuta Buzz, wadda duka biyun ke rabawa a haɗa kalmomin. Aikin mintoci kaɗan ne ga wanda ya iya. Abin da ya girgiza mutane, musamman bayan wani mai rubuta manhaja, Jeff Atwood, ya yayata batun, shi ne yawan masu kyawawan takardu da ke kasa yin sa. Manyan kamfanoni kuma suka zarce can gefe guda, suna tsayar da mutum a gaban allo suna jefa masa tambayoyi masu sarƙaƙiya da ba zai taɓa cin karo da su a bakin aiki ba. A 2015 Max Howell, wanda ya ƙirƙiri Homebrew, manhajar da ɗimbin injiniyoyi masu kwamfutar Mac ke amfani da ita kullum, ya yi ƙorafin cewa Google ya ƙi ɗaukarsa saboda ya kasa warware irin wannan tambaya a allo.

Masu binciken harkar ɗaukar ma'aikata sun daɗe da nuna inda gaskiya take. A 1998 Frank Schmidt da John Hunter suka tattara binciken shekara 85, suka gano cewa gwajin aiki na zahiri da ganawa mai tsararrun tambayoyi sun fi ƙirga shekarun aiki nuna wanda zai yi abin kirki. Da Paul Sackett da abokan aikinsa suka sake bitar lissafin a 2022, ganawa mai tsari, wadda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a kuma auna amsa da ma'auni ɗaya, ita ta fito a sahun gaba. Gani dai ya kori ji.

Ga kamfanin kwangila, gwajin da ya fi kama da rayuwa ba gina sabon abu ba ne. Mafi yawan aikin da ke zuwa masa tsoho ne: wani ya fara ya gudu, ko an gina shekara shida da suka wuce, yanzu ya fara ciwo. Don haka sai a miƙa wa mai neman aiki wata 'yar tsohuwar manhaja mai matsala, a ce rasit yana fita da kwanan watan jiya in an biya bayan ƙarfe goma sha biyun dare, a zauna kusa da shi awa ɗaya ko biyu. Abin lura yana da yawa. Yana tsayawa ya karanta kafin ya taɓa, ko kuwa nan take zai ce duk shirme ne a rushe a sake? Yana iya bin saƙon daga maɓalli zuwa saba zuwa rumbun bayanai har ya gano cewa agogon sabar a kan lokacin Girinwic yake, Najeriya kuma ta riga shi da awa ɗaya? In ya gyara, yana rubuta ɗan gwajin da zai hana matsalar dawowa? In ya maƙale, yana faɗa, ko yana ta kame-kame? Mutumin da ya iya cewa "wannan ban sani ba, amma ga yadda zan bincika" ya fi wanda ke da amsa ga kowace tambaya.

Rabi na biyu na ganawar ba ya buƙatar kwamfuta ko kaɗan, kuma shi ne kamfanoni suka fi tsallakewa. Wani babba a kamfanin zai zauna a matsayin mai motocin haya, ya dubi mai neman aiki ya ce: "Malam, so nake ka yi mini abu irin na bankin nan, kowa ya sayi tikiti ta waya, kuma kafin sallah nake son sa." Wanda bai goge ba zai yi murmushi ya ce, "An gama, Alhaji." Gogaggen kuwa zai gyara zama: "To Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Motoci nawa ke tashi a rana? In mutum ya biya bai zo ba, ana mayar masa da kuɗinsa? Yaran tasha manyan wayoyi ne da su ko ƙanana? Wa kake so ya riƙa ganin cinikin yini, kai kaɗai ko har da manaja?" Sannan ya ƙare da cewa: "Ranka ya daɗe, sayen tikiti da rasit zan iya ba ka kafin sallah. Sauran sai bayan sallah, kada in yi maka alkawarin da ba zan cika ba." Wannan amsa ta biyu ita ke tsare mutuncin kamfani. Kwangilar manhaja ba kasafai take lalacewa don rashin iya kod ba. An fi samun a gina abin da ba shi aka nema ba, ko a amsa wa'adin da kowa ya san ba zai yiwu ba.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata a kira ta da sunanta. Wasu kamfanoni kan yanko ɓangaren aikin da aka ba su kwangila, su raba wa masu neman aiki da sunan gwaji, yaro ya kwashe mako guda yana ƙona datarsa da man janareto, su karɓe aikin su yi shiru. Zalunci ne. Gwajin da ya wuce 'yan awoyi a biya mai yin sa.

Gwajin da ake ba mutum ya tafi da shi gida ma ya rage daraja tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022. Yanzu na'ura tana iya rubuta irin wannan aiki cikin mintoci. Hana amfani da ita ba mafita ba ce, tunda a bakin aiki ma za a yi amfani da ita. Abin yi shi ne a buɗe kod ɗin a gaban wanda ya kawo shi, a nuna layi a ce ya bayyana dalilinsa, sannan a canza sharaɗi ɗaya a ga ko zai iya gyarawa. Wanda ya fahimci abin da ya kawo ba ya gumi a nan. Har tabbatar da cewa mutumin da ke magana ta bidiyo shi ne mai sunan ya zama aiki. A Yulin 2024 KnowBe4, wani kamfanin Amurka da sana'arsa ita ce koyar da tsaron kwamfuta, ya bayyana cewa ya ɗauki wani injiniya bayan ganawa huɗu ta bidiyo, ashe ɗan Koriya ta Arewa ne da ya yi amfani da sunan wani Ba'amurke da hoton da aka gyara da na'ura. Kwamfutar aiki na isa hannunsa ya fara ɗora mata muguwar manhaja, na'urorin tsaron kamfanin suka kama shi kafin ya yi ɓarna.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne cewa fulstak makullan gida ake miƙa masa. Yana iya ganin sunayen ɗalibai, lambobin wayar iyaye, sakamakon gwajin jinin marasa lafiya. Tun Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da ke da ikon cin tarar wanda ya yi sakaci. Tambaya guda takan nuna ko mutum ya san nauyin da ke kansa: me zai faru in wani ya rubuta umarnin kwamfuta a gurbin da aka tanada don suna? In ba a toshe wannan kafa ba, rumbun bayanai zai ɗauki rubutun a matsayin umarni ya zazzage abin da ke cikinsa. Ta wannan kafa aka shiga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila a 2015, aka kwashi bayanan kusan mutum 157,000, hukuma ta ci shi tarar fam 400,000. Shafukan da aka bi ta kansu tsofaffi ne da ya gada daga wani kamfani da ya saya, ba wanda ya koma ya duba su.

Yana da kyau kuma a tambayi mai neman aiki babban kuskuren da ya taɓa yi, da abin da ya yi a awar da ta biyo baya. Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin manhaja na GitLab da ya gaji da aikin dare ya goge rumbun bayanai na ainihi a zaton kwafin yake gogewa. Da aka nufi hanyoyi biyar da aka tanada don ajiyar ko-ta-kwana, sai aka tarar ba wadda ke aiki yadda aka zata. Bayanan kimanin awa shida suka salwanta. Abin da ya rage asarar shi ne injiniyan ya sanar nan take, kamfanin kuma bai rataye shi ba, ya fito ya bayyana wa duniya abin da ya faru, har ya nuna aikin gyaran kai tsaye a YouTube. Wanda ya ce bai taɓa yin kuskure ba, ko dai bai yi aiki mai yawa ba, ko kuma ɓoyewa yake yi, kuma mai ɓoyewa shi ne abin tsoro.

An gane wanda ya dace, sai maganar kuɗi, inda kamfanin gida ke shan wuya. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. A farkon 2024 ta haura 1,500. Matashin da ke zaune a Kaduna da kwamfutarsa, da sola, da intanet mai ƙarfi, yana iya yi wa kamfanin Amurka ko na Turai aiki a biya shi da dala ba tare da ya bar ɗakinsa ba. Mai son fita kuma ƙofa a buɗe take: tun Maris na 2020 dokar Jamus ta yarda gogaggen ma'aikacin kwamfuta ya shiga ƙasar aiki ko da ba shi da digiri. Kamfanin da makarantu da asibitoci ke biya da naira ba zai yi gogayya da wannan ba, kuma yaudarar kai ce ya ce zai yi. Abin da yake da shi daban ne: albashi a kan lokaci, kwamfuta mai kyau, ɗaukar nauyin wuta da data, babba da zai riƙa duba aikin mutum yana koya masa, da damar yin aiki daga gida, wadda ke buɗe ƙofa ga mata da yawa da zirga-zirgar ofis har dare ke hana su shiga harkar.

Duk da haka wasu za su tafi, kuma kamfani mai hankali tun ranar ɗauka yake shirin ranar rabuwa. Haɗarin dogaro da mutum ɗaya shi ne komai yana cikin kansa. In ya tafi, ba wanda ya san lambar sirrin saba, sunan shafin ma da imel ɗinsa aka yi rajista, shekara na zagayowa shafin makaranta ya mutu. Maganin ba shi da tsada: duk kod ya zauna a ma'ajiyar kamfani, duk rajista da sunan kamfani ko na mai aikin, kowane canji wani ya duba kafin ya fita, kuma a rubuta yadda ake tayar da aikin ta yadda baƙo zai bi. Ƙaro mutane bayan aiki ya makara ba ya ceto. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani gagarumin aikin manhaja a IBM, ya yi bayani tun 1975 cewa hakan ƙara jinkiri yake yi, domin tsofaffin ma'aikata sai sun ajiye aikinsu sun koya wa sababbin.

Babbar matsalar da ke ƙasan duk wannan ita ce kowa gogagge yake nema, ba mai son ya goge wani. Andela, da aka kafa a Legas a 2014, ta yi suna ne da ɗaukar matasa tana horar da su sannan ta haɗa su da kamfanonin waje, har gidauniyar Mark Zuckerberg da matarsa Priscilla Chan ta jagoranci zuba mata dala miliyan 24 a 2016. A Satumban 2019 ta sallami ƙananan injiniyoyi sama da 400 a Najeriya, Kenya da Yuganda, da hujjar cewa kasuwa manya take so. A ƙarshen 2023 ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta ƙaddamar da shirin 3MTT da burin horar da mutum miliyan uku, ta fara da 30,000. Cibiyoyi irin su CoLab a Kaduna da Startup Kano su ma suna yaye matasa. Horon watanni yana koya wa mutum rubuta kod. Ba ya koya masa zama da Alhaji mai motoci, ko tashi ƙarfe biyun dare don saba ta faɗi. Wannan sai a bakin aiki, kuma babu wurin da ya fi kamfanin kwangila dacewa da shi, inda mutum zai ga ayyuka biyar mabambanta cikin shekara biyu.

Kamfanonin arewa suna da ƙarin dalilin renon nasu. Wanda ya tashi a Kano ya san cewa fom ɗin da ya tilasta sunan dangi zai rikita mutanen da ke amfani da sunan uba ko na gari, ya san cewa da yawa daga cikin masu shiga shafin ƙaramar waya ce da su da datar naira ɗari biyu, ya kuma san cewa in ba a saita rumbun bayanai daidai ba, Ɗanladi na Ƙofar Mata zai fito a rasit da alamun tambaya a madadin haruffan farko. Tsarin da ya fi yiwuwa ga ƙaramin kamfani shi ne ya ɗauki gogagge ɗaya a farashin da ya dace da shi, ya haɗa shi da masu tasowa biyu, ya kuma rubuta a cikin yarjejeniyar aikinsa cewa duba kod ɗinsu da zuwa da su wurin masu ba da kwangila yana cikin abin da ake biyan sa, ya ware masa awoyin yin hakan a kowane mako.